Zanen Jimla a Ajin Turanci: Amfaninsa da Iyakarsa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC ko ta NECO ya san wata tambaya da ba ta faye ɓacewa daga sashen auna fahimta ba. Za a tsamo wani yanki daga cikin nassin da aka ba shi ya karanta, a tambaye shi sunan da nahawu ya ba wannan yanki, sa'an nan a ce ya faɗi aikin da yankin yake yi a cikin jimla. Makin tambayar ba shi da yawa, amma a nan ɗalibai da dama kan yi tuntuɓe. Wani ya haddace ma'anar suna da sifa da aikatau tun yana aji ɗaya, yana iya rera su kamar karatun allo, amma da zarar an ajiye masa doguwar jimla sai ya tsaya yana kallonta kamar baƙon da aka sauke a tsakiyar Kasuwar Kurmi, bai san ta inda ya shigo ba, balle ta inda zai fita.

Matsalar kuwa ba ta tsaya ga wannan tambaya kaɗai ba. Ɗalibin da bai iya gano ƙashin bayan jimla ba zai sha wuya wajen taƙaita labari, da rubutun insha'i, har ma da fahimtar tambayar Fiziks ko Kemistiri, tunda da Turanci ake yin su. Wanda bai sami kiredit a Turanci ba kuma, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, komai ƙoƙarinsa a lissafi.

Akwai wata tsohuwar dabara da ake kira zanen jimla, wadda ba ta buƙatar komai sai alli da allo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata malaman Turanci na makarantun sakandare su ɗauko wannan dabara su yi aiki da ita, amma bisa awo, tare da sanin abin da za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba.

Asalin Zanen Jimla

A ƙasar Amurka aka ƙirƙiro wannan dabara. A shekarar 1847 wani malamin makaranta mai suna Stephen Clark ya wallafa littafin nahawu wanda a cikinsa yake sanya kowace kalma a cikin da'ira mai kama da balan-balan, ya kuma jingina da'irorin da juna gwargwadon dangantakar kalmomin. Bayan shekara talatin, wato a 1877, Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, malamai a wata kwalejin fasaha da ke Buruklin ta birnin Niyu Yok, suka fito da littafinsu mai suna Higher Lessons in English. Su suka kawar da da'irorin, suka maye gurbinsu da layuka, waɗanda suka fi sauƙin zanawa da karantawa. Tsarin nasu ya bazu a makarantun Amurka, aka yi shekaru masu yawa ana koyar da shi, har zuwa bayan tsakiyar ƙarni na 20 lokacin da tauraruwarsa ta fara dusashewa. Makarantun da suka gaji tsarin Ingila, irin na Nijeriya, sun fi sabawa da feɗe jimla a cikin jadawali, shi ya sa malamai da yawa ba su taɓa cin karo da wannan zane ba.

Yadda Ake Zanen

Ƙa'idojin kaɗan ne. Da farko za a ja layi a kwance, shi ne babban layi. A kansa ake ɗora aikau, wato wanda ya yi aikin, da aikatau, da karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Tsakanin aikau da aikatau za a ja layi a tsaye wanda ya ratsa babban layin har ya ɓullo ƙasa. Tsakanin aikatau da karɓau kuwa za a ja gajeren layi da ya tsaya a kan babban layin bai ratsa shi ba. Duk kalmar da ke ƙara bayani a kan wata, sifa ce ko bayanau, za a rubuta ta a kan layi mai karkata a ƙarƙashin kalmar da take wa hidima.

Alal misali, a ɗauki jimlar “The old farmer sold his goats in the market.” Kalmomi tara ne, amma uku kaɗai za su hau babban layi: “farmer”, “sold” da “goats”. Kalmomin “the” da “old” za su rataya a ƙarƙashin “farmer”, “his” ta rataya a ƙarƙashin “goats”. Yankin “in the market” yana faɗin inda aka yi cinikin ne, saboda haka a ƙarƙashin “sold” zai zauna: “in” a kan layi mai karkata, “market” a kan ɗan layi a kwance da ya fito daga gare shi, “the” kuma a ƙarƙashin “market”. Idan jimlar ta kasance irin “The farmer is rich” ce, layin da ke tsakanin “is” da “rich” zai karkata baya, yana nuni zuwa ga aikau, don a san cewa “rich” manomin take siffantawa. Mahaɗi irin su “and” da “but” a kan layin ɗigo-ɗigo ake rubuta su.

Da an gama zanen, ido zai ga abin da kunne bai ji ba: jimla tana da ginshiƙai, tana kuma da rassa da suka dogara a kansu. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ga amfanin haka nan take. Idan aka ce ɗalibi ya cike gurbi a jimlar “The price of these new books … too high”, sau da yawa zai zaɓi “are”, domin kalmar “books” ce ta fi kusa da gurbin, ita kuma jam'i ce. Amma a zane “books” ba ta hau babban layi ba. Tana can ƙasa, a rataye jikin “of”. Kalmar da ke zaune a mazaunin aikau ita ce “price”, tilo ce, saboda haka “is” ce amsa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa sau biyu ko uku, da wuya maƙwabtakar kalmomi ta sake yaudararsa.

Darasi Daga Ɗakin Gwajin Sinadarai

Ɗaliban kimiyya sun riga sun san irin wannan tunani, ko da ba su lura ba. Sinadarin etanol, wanda ake sawa a ruwan tsabtace hannu, yana da ƙwayar kabon 2, ta haidurojin 6, ta oksijin 1. Akwai wani sinadari kuma, dayimetil ita, mai ɗauke da waɗannan ƙwayoyi daidai wa daida. Duk da haka etanol ruwa ne da ke tafasa a wajen digiri 78 na ma'aunin Salsiyos, shi kuwa ɗayan iskar gas ne, yana tafasa tun a fiye da digiri 20 ƙasa da sifili. Bambancinsu yana ga yadda ƙwayoyin suka kama juna. A etanol oksijin yana tsakanin kabon da haidurojin, a ɗayan kuwa yana tsakanin kabon guda biyu. Lissafin ƙwayoyi ba zai nuna wannan ba, sai an zana. Shi ya sa masana irin su Alexander Crum Brown na birnin Edinburgh suka shiga zana siffar sinadarai da da'irori da layuka a shekarun 1860, wato a tsakanin zamanin Clark da na Reed da Kellogg.

Haka jimla take. A dubi “Musa saw the thief with a torch.” Wa yake riƙe da tocila? Idan an rataya “with a torch” a ƙarƙashin “saw”, Musa ne ya haska ya ga ɓarawon. Idan an rataya shi a ƙarƙashin “thief”, tocilar tana hannun ɓarawo. Kalmomin ba su sauya ba, jerinsu bai sauya ba, amma gini biyu ne, ma'ana biyu. Ko a Hausa, “Musa ya ga ɓarawo da tocila” tana da wannan harshen damo. Malami zai iya shafe minti goma yana bayani da baki, alhali zane biyu a kan allo sun wadatar.

Wannan kamanci ba ƙirƙirar yau ba ce. Lucien Tesnière, masanin harshe ɗan ƙasar Faransa, wanda aka buga babban littafinsa a 1959 bayan rasuwarsa, ya kwatanta aikatau da ƙwayar sinadari mai hannuwan kamu. Kamar yadda haidurojin yake da hannu ɗaya, oksijin biyu, kabon huɗu, haka aikatau “sleep” yake buƙatar suna ɗaya, “see” biyu, “give” uku: mai bayarwa, da abin da aka bayar, da wanda aka ba. A 1957 kuma Noam Chomsky na Amurka ya wallafa Syntactic Structures, wanda daga bisani ya sa zanen jimla mai siffar bishiya ya zama ruwan dare a jami'o'in duniya. A farkon shekarun 1990 masana a Jami'ar Pennsylvania suka tara dubban jimlolin Turanci da aka feɗe da irin wannan bishiya, aka yi shekaru ana koya wa kwamfuta nazarin jimla da su.

Hujjar Masu Suka

To, idan dabarar tana da wannan amfani, me ya sa Amurkawan da suka ƙirƙiro ta suka juya mata baya? Wajibi ne a amsa wannan tambaya tsakani da Allah, domin hujjarsu mai ƙarfi ce.

A 1963 Richard Braddock da abokan aikinsa biyu suka bi diddigin binciken da aka yi a kan koyar da rubutu, bisa buƙatar ƙungiyar malaman Turanci ta Amurka. Abin da suka gano shi ne koyar da ƙa'idojin nahawu tsurarsu ba ya inganta rubutun ɗalibai, yana ma iya cutarwa idan ya cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun kansa. A shekarun 1970 aka gudanar da wani gwaji na shekara uku a wata sakandare ta ƙasar Niyu Zilan. An kasa ɗalibai gida uku: wasu aka koya musu nahawun gargajiya, wasu na zamani, wasu kuma aka ba su ƙarin karatu da rubutu a madadin nahawu. Da aka auna rubutunsu a ƙarshe, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka sake tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka tarar da abu guda: darasin nahawu shi kaɗai ba ya gyara rubutu. Daga cikin abubuwan da suka ga suna taimakawa akwai horar da ɗalibi ya haɗa gajerun jimloli su zama doguwa guda mai ma'ana.

Duk malamin da ya ɗauka cewa zanen jimla zai mayar da ɗalibansa gwanayen insha'i, wannan bincike ya isa ya farkar da shi. Wanda ya iya zana sassan keke ba lalle ne ya iya tuƙa shi ba. Rubutu ana koyonsa ne ta hanyar yawan karatu, da yawan rubutawa, da gyaran malami.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya dace a lura da su. Na farko, waɗannan gwaje-gwaje ingancin insha'i suka auna. Ba su ce zane ba ya taimakon mai karatu ya warware doguwar jimla ba, ko ya gane dalilin kuskurensa. Na biyu, akasarin yaran da aka gwada da Turanci suka tashi. Ɗan Niyu Zilan ya riga ya sha ginin jimlar Turanci a nono, nahawu sunayen abin da ya sani kawai yake gaya masa. Ɗalibin Gusau ko Azare kuwa, wanda sau da yawa ba ya jin Turanci sai a cikin aji, ginin ne kansa yake nema. Bugu da ƙari, binciken da Debra Myhill da abokan aikinta na Jami'ar Exeter ta Ingila suka wallafa a 2012 ya nuna cewa idan aka saƙa nahawu a cikin darasin rubutu, ana nuna wa ɗalibi abin da kowane gini yake haifarwa, rubutu kan inganta, ko da yake ɗaliban da suka riga suka fi iyawa su suka fi amfana. Ke nan laifin ya fi karkata ga yadda aka ware nahawu daga rubutu.

Zanen Jimla da Ɗalibi Bahaushe

Feɗe jimla ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiran zaure sun daɗe suna karanta Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, da Alfiyya ta Ibn Malik, suna yi wa jimlar Larabci li'irabi kalma bayan kalma. Daga nan ne masana Hausa suka aro sunan da suke kiran zanen bishiya da shi, wato bishiyar li'irabi. Tun bayan fitowar littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci a 1976, da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, Hausa ta mallaki kalmomin yin wannan nazari: yankin suna, yankin aiki, kai, siffatan goshi, siffatan ƙeya. Abin takaici shi ne ɗalibi kan koyi waɗannan a ajin Hausa, ya shiga ajin Turanci ya bar su a bakin ƙofa kamar takalmi.

Alhali kuwa yawancin kurakuransa na Turanci daga ginin Hausa suke tasowa, kuma zane yana tona asalinsu. A Hausa ana cewa “Musa ya tafi”. Kalmar “ya” wajibi ce, domin ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci, kuma a yankin aiki take. Ɗalibi sai ya fassara ta da “he”, ya rubuta “Musa he went”. Idan aka ce ya zana wannan jimla, zai tarar da kalmomi biyu suna rububin kujera ɗaya a kan babban layi, dole ɗaya ta tashi. Haka nan Hausa tana cewa “mutumin da na yi magana da shi”, sai ɗalibi ya rubuta “the man that I spoke with him”. A zane, “that” ta riga ta zauna a gurbin da ke bin “with”, saboda haka “him” ba ta da masauki. Jan biro da malami zai yi a kan “him” yana gaya wa ɗalibi cewa ya yi kuskure. Zanen kuwa yana nuna masa dalili, har ya gane cewa ba rashin basira ba ne, ƙa'idar harshensa ce ya ɗora wa harshen da ba nata ba.

Raunin Tsarin Reed da Kellogg

Duk da haka, tsarin yana da nasa rauni, kuma ya kamata malami ya san shi kafin ya ɗauki alli. Babban rauninsa shi ne yana watsar da jerin kalmomi. Ko a farkon jimla bayanau ya zo ko a ƙarshe, a ƙarƙashin aikatau zai zauna. Ga Bature wannan ba matsala ba ce, amma ga Bahaushe jeri yana daga cikin abubuwan da yake koyo. Hausa tana cewa “littattafai uku”, adadi a bayan suna, Turanci kuwa “three books”. Hausa ta yarda da “farin doki” da “doki fari”, Turanci kuwa “white horse” kaɗai ya sani. A nan bishiyar li'irabi ta fi dacewa, domin tana barin kalmomi a jere yadda aka furta su, tana tattara su yanki-yanki zuwa sama.

Rauni na biyu shi ne don Turanci aka gina tsarin. Jimla irin “Audu malami ne” ba ta da aikatau, domin “ne” tana komawa “ce” idan aka ce “Binta malama ce”, jinsi take bi, ba lokaci ba. Wanda ya nemi cusa ta a mazaunin “is” ya zalunci Hausa. Rauni na uku kuma, idan jimla ta yi tsawo ƙwarai, zanen kan zama saƙar gizo-gizo, ɗalibi ya shagala da rula da fensir ya manta da ma'ana.

Shawara ga Malamai da Ɗalibai

Bisa ga abin da ya gabata, hanyar da ta fi dacewa ita ce a riƙi zanen jimla yadda ake riƙon madubin ƙara girma a ɗakin gwaji: a ɗauko shi idan akwai abin dubawa, a mayar da shi idan an gani. Minti goma a cikin darasi, sau ɗaya ko biyu a mako, sun isa. Jimlolin da za a zana su fito daga rubutun ɗaliban kansu, ba tare da an ambaci mai kuskuren ba, ko daga littafin Bayoloji da na Kemistiri da suke fama da shi. A fara da gano kalmomi biyu ko uku na babban layi, domin wanda ya iya wannan ya ci rabin aikin. Kada a ba da maki don kyan zane, kada kuma a mayar da ƙa'idojinsa wata sabuwar hadda. Idan ɗalibai biyu suka yi saɓani a kan inda wani yanki zai rataya, a bar su su kawo hujja, domin wannan gardama ita ce ainihin darasin.

Abu mafi muhimmanci shi ne kowane zane ya ƙare da rubutu. Bayan an feɗe jimlar manomi da awakinsa, a ce kowa ya gina tasa a kan wannan siffa, sa'an nan ya haɗa ta da wata ta hanyar “because” ko “who” ko “although”. Ta haka za a ci moriyar abin da bincike ya tabbatar game da haɗa jimloli, a kuma kauce wa abin da ya yi gargaɗi a kai. Daɗin daɗawa, yana da kyau malamin Turanci da na Hausa su zauna su daidaita kalmomin da suke amfani da su, har su riƙa zana jimlar Hausa da takwararta ta Turanci gefe da gefe a kan allo ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su kuma ɗalibai, kada su jira sai an shiga aji shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ɗauki jimla ɗaya kowace rana daga littafin da yake karantawa, ya nemo aikau da aikatau da karɓau, ya rataya sauran inda suka dace, kafin zangon karatu ya ƙare zai ga idonsa ya fara yin aikin da kansa ba tare da fensir ba.

Kammalawa

Zanen jimla ba zai maye gurbin ɗakin karatu mai littattafai ba, ba kuma zai rage cunkoson aji ba. Amurkawa sun ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, da ya kasa sai suka yar da shi. Makarantun ƙasar Hausa ba su da dalilin maimaita ko ɗaya daga cikin kurakuran biyu. A makarantar da littafi bai wadata ba, kuma ɗalibi yana koyon ilmin kimiyya da harshen da ba nasa ba, dabarar da ke nuna masa ginin wannan harshe da alli ɗaya ta cancanci minti goma a mako. Malamin da ke shakka yana iya gwada ta zango ɗaya a aji ɗaya, ya ajiye rubutun ɗalibansa na farkon zango da na ƙarshe, ya ƙirga kurakuran daidaita aikau da aikatau a cikin kowanne, sa'an nan ya yanke hukunci bisa abin da ya gani.